Pi Rokhumi, Mai Koya wa Makafi Hanyoyin Aizawl

Ƙarfe shida na safe Pi Rokhumi take ja ƙofarta a unguwar Ramhlun, lema a hammata, farar sanda a jaka, goron kuhva a kunci. Ba ta hawa mota. Ta gangara wannan matakala, ta haura waccan, har gidan wanda za ta koya wa tafiya a ranar. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana koya wa makafi yawo da ƙafa a garin nan namu da ke rataye a jikin dutse, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. A nan wurinmu Pi ake sa wa mace a gaban suna don girmamawa, namiji kuma Pu.

Ina cikin waɗanda ta koyar. Ciwon suga ya tafi da idona ina da shekara arba'in da takwas, ina tela a unguwar Khatla. Wata goma sha huɗu ban leƙa waje ba, don tsakanin ƙofarmu da titi akwai hawa tamanin da uku. Matata Biaki ce ta gaji ta kirawo ta.

Tana shigowa ta iske ni ina shan shayi, ta ce, "Pu Zuala, an ce min ido ne ya tafi. Ashe har ƙafafun suka raka shi?"

Na ce, "Pi, ki ƙyale ni. Masu ido ma faɗuwa suke yi a garin nan."

"Su ai waya suke kallo. Tashi, shayin ba zai gudu ba."

Hawa tara na yi ranar, sai na zauna ina kuka. Ba ta lallashe ni ba. Zama ta yi kusa da ni tana tauna goronta, can ta tambaye ni me nake ji. Na ce ba komai. Ta ce in sake saurara. Sai na ji wata na wanki a ƙasa da mu, na ji alade na neman abinci, na ji mawaƙan coci suna gwaji a tsallaken kwari. Ta ce, "To cocin nan yana hannunka na hagu in kana hawa. Ka riƙe wannan, ya isa na yau."

Da kaɗan-kaɗan ta mayar min da garin. Ta koya min cewa inda iska ta buge ka ba zato, gidaje sun yanke, rami na kusa. Direbobinmu ba sa danna oda, don haka ƙugin inji ake bi da kunne. Da damina gansakuka ta fi kwanciya a gefen da babu rana. Na san unguwar Zarkawt da ƙanshin burodi, na san kasuwar Bara Bazar da muryoyin mata masu ganye tun kafin sandata ta taɓa kwandunansu.

Mutanen gari sun ga abin da mu ba mu gani ba. Duk hanyar da za ta ɗora wani a kai, sai ta fara ɗaure idonta da ƙyalle ta bi ta ita kaɗai. A haka ta karya wuyan hannu wata shekara, ta dawo aiki da ɗauri. Lokacin da ƙasa ta zaftare ta cinye wata matakala a unguwarmu, kafin la'asar ta nemo wata hanya, ta bi gidajen ɗalibanta bakwai ta gaya wa kowa da bakinta.

Wata safiya aka yi shelar rasuwar abokina Lianchhunga a unguwar Mission Veng. Shekara ashirin muna waƙa a benci ɗaya a coci. Biaki ta tafi garin Lunglei, ruwa kuma ake yi. Na buga wa Pi Rokhumi waya ta zo ta kai ni.

Ta ce, "Ina da aiki. Ka san hanya."

"Ban taɓa zuwa ni kaɗai ba, Pi."

"Shi ma bai taɓa mutuwa ba. Ɗauki lema."

Na fita da fushi a ciki, kuma fushin ne ya haurar da ni titi. Sau biyu na ɓata, na tsaya, na nemi muryar coci da ƙugin motoci, na gyara. Na isa a jiƙe, aka matsa min wuri, na yi wa abokina waƙa tare da jama'a har aka fita da shi.

Sai bayan wata uku Pi Ngurthani mai shayi ta ce min, "Wai ba ka sani ba? Tana bayanka tun daga ƙofarka, takalmi a hannu, don kada ka gane takunta."

Da na tare ta da maganar, cewa ta yi, "Mai shayin nan bakinta ba ya da murfi." Sannan ta ƙara, "Sau ɗaya ka nufi kwata. Har yau harshena na tuna cizon da na yi masa don kada in yi magana."

Pi Rokhumi, ke ce kika san lokacin riƙe hannu da lokacin sakinsa. Jagorar da ke tafiya a baya! A cikinmu akwai mai sayar da jarida, akwai mai zuwa jami'a, akwai tsohuwar da ke kai kanta kasuwa duk Asabar. Babu allon da ke ɗauke da sunanki, amma duk inda aka ji ƙwanƙwasar sanda a kan dutse a garin nan, aikinki ne ke wucewa. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku kuma 'yan uwa, aikin bai ƙare ba. Mutum biyu kacal ta samu ta horar su gaji aikinta, garin kuwa kullum ƙara hawa yake. Mai lokaci ya je ya koya tun tana da ƙarfin nunawa. Wanda ba shi da shi, ya daina ajiye babur a bakin matakala, ya gyara ƙarfen riƙo na ƙofar gidansa.

Gwiwoyinta sun gaji yanzu, an ce takan tsaya ta huta a tsakiyar hawa. In kun iske ta a haka, kada ku kama mata hannu, ba ta so. Ku rage sauri kawai, ku haura tare.