Gaisuwar Masu Fasa Kulle

Ba zan manta da ranar da gaisuwa ta ci aikin Malam Umaru na Mandera ba. Zamanin tsuke bakin aljihu ne, muna ofishin aikin gona a Bodinga, shi babban akawu, ni mai buga tafireta. Kwamfuta ɗaya gare mu, a ciki muke shigar da bayanan ruwan sama da amfanin gonakin Danchadi.

Faifan manhajarmu ya lalace, ga shi kamfanin da ya yi manhajar ya kulle shi yadda ba ya kwafuwa, sabo kuma babu halin saye. Sai wani injiniya ya kawo mana kwafin da wata ƙungiya a Turai ta fasa kullensa. Irin waɗannan ƙungiyoyi ba sayarwa suke ba, suna kawai suke nema. Da ka sa faifan, sai laƙabansu su yi ta wucewa a allo suna gaida takwarorinsu ɗaya bayan ɗaya. Maɓalli ɗaya ya isa ya kawar da su, amma Malam Umaru bai taɓa dannawa ba.

Na sha tsokanarsa. Yakan ce, "Mutanen ga sunka buɗe muna ƙofa. Ko ɓarayi ne, ba ni katse musu gaisuwa."

Wata ranar Talata wani jami'i ya zo daga Sakkwato don tantance waɗanda za a rage. Ya tarar da Malam Umaru ya naɗe hannu, rubutu mai launi yana gudu a gabansa.

"Mi kaka yi nan?"

"Ranka shi daɗe, gaisuwa nika jira ta ƙare."

Jami'in ya rubuta: wasa a bakin aiki. Ina tsaye, na san gaskiya, amma tsoron kada a rubuta nawa sunan ya rufe mini baki. Wannan shirun yana cina har yau. Aka sallami Malam Umaru, ya koma gona, bai daɗe ba ya rasu.

Bara, wani maƙwabcina ya buɗe wata sabuwar manhaja da aka fasa kullenta a gabana, sai ga sunan ƙungiyar nan, har yanzu suna gaisuwa. Ofishinmu ya rushe, kamfanin ya mutu, su suna nan, don ba su yar da junansu ba. Abin da na koya ke nan, ya ku ƙannena: aiki ba ya riƙe mutum, abokin aiki ke riƙe shi, ni kuwa na saki nawa.

Maƙwabcin ya kai hannu zai danna. Na riƙe hannunsa, na ce ya bari su gama.