Shekarar da Na Yi Raino a Aji Huɗu

Shekarun baya, zamanin mulkin soja, muna zaune a wani gidan haya da ke bayan tashar Kawo, na yi kusan shekara guda ina zuwa makaranta ban yi karatu ba. Kada ku ɗauka gudun makaranta nake yi. Kullum ina cikin waɗanda suke fara isa, rigata a goge, farcena a yanke. Ina aji huɗu na firamare a lokacin.

Mahaifina tela ne a Babbar Kasuwa. Mahaifiyata kuwa karatun allo ta yi, ba a sa ta a boko ba, kuma abin yana ci mata rai. Ni ce 'yarsu ta fari, don haka duk burinta a kaina ya taru. Ko dahuwa take yi, idan ta ga na ɗauko jakar makaranta ba ta aike na.

Malamar ajinmu ta dawo daga jego da jariri namiji, ga shi yarinyar da ke mata raino ta koma garinsu. Ranar da ta fara zuwa da shi, ta shimfiɗa masa zane a gefen tebur, ya ƙi kwanciya, ya yi ta tsala kuka. Ta ɗaga kai ta dubi ajin, idonta ya sauka a kaina.

"Ke, zo nan. Kina da ƙanne a gida?"

Na ce, "Ina da su, Malama."

Ta ɗora min shi a baya, ta ɗaure da zanen. "Je ki zagaya da shi gindin mangwaro har ya yi barci."

Ya yi barcin kuwa. Wannan iya goyon nawa shi ya ja min. Washegari ta sake kira na, jibi ma haka, har ya zama ba sai ta kira ba. Da an tashi daga layin safe sai in ajiye jakata a kan benci in je in karɓi yaro. Daga baya aikin ya ƙaru: wanke masa ɗan kamfai a famfon bayan aji, dama masa koko, wani lokaci ta aike ni gidanta a Unguwar Dosa in ɗauko abin da ta manta.

Ni kuwa a lokacin gani nake na samu sarauta. Ba a duka na, ba na shara, ragowar shayi da biredin Malama nawa ne. Har yanga nake wa 'yan aji idan na wuce ta taga da yaro a baya, su suna ciki suna fama da lissafi. Malama ta ce kada in faɗa a gida, wai sauran iyaye za su ji haushi don ba 'ya'yansu ta zaɓa ba. Na riƙe sirrin kam, kamar wadda aka ba ajiyar gwal. Idan jarrabawa ta zo sai ta zaunar da ni kusa da ita, tana jijjiga yaron tana nuna min abin da zan rubuta. Sakamako ya fito tsaf, mahaifina ya sayo min takalmi.

Abin da har yau yake ƙona min rai shi ne, mahaifiyata ba ta yi sakaci ba. Takan yafa mayafi ta je har makaranta ta gaida Malama, ta ce, "Malama, yaya karatun yarinyar nan?"

Ita kuma ta washe baki ta ce, "Ai ki gode wa Allah. Yarinya mai hankali, mai natsuwa. Duk ajin nan babu kamarta."

Mahaifiyata ta dawo gida tana murna, tana sa mata albarka. Har ɗinki kyauta mahaifina ya yi wa matar nan da Sallah.

A gidan hayarmu akwai wata maƙwabciya, 'yar kudancin Kaduna, mai buga tafireta a wani ofishin gwamnati. Anti muke ce mata. 'Yarta ƙawata ce, ita ma aji huɗu take a makarantarmu amma wajen wani malami daban. Anti ta lura kullum 'yarta tana zaune a baranda tana aikin gida, ni kuwa ina gefe ina wasan 'yar carafke. Wata Asabar da la'asar ta ce in zo mu yi karatu tare. Ƙawata ta karanta shafinta, aka miƙo min littafin. Na kalli takardar, takardar ta kalle ni. Na kama kalmar farko, na yi tuntuɓe a ta biyu, daga nan na kasa gaba.

Anti ta ce, "Kai, wannan ai tun zangon farko aka yi shi. Ina kike lokacin?"

Kafin in buɗe baki ƙawata ta ce, "Ai ita ba ta zama a aji. Ita ce mai goyon bebin Malama."

Anti ta ajiye littafin ta ƙwala wa mahaifiyata kira. Aka titsiye ni, na faɗi komai, har ina ƙarawa da cewa ni Malama ta fi so a ajin. Na zaci duka zan sha. Mahaifiyata ba ta taɓa ni ba. Ta zauna a kan turmi, ta dube ni ta ce, "Ashe shi ya sa rigarki take ƙarnin tumbuɗi. Ni ina wankewa ina zaton na ƙaninki ne."

Ran Litinin ta ce in tafi makaranta kamar kullum, kada in ce wa kowa komai. Da hantsi ina gindin mangwaro ina jijjiga, sai ga ta ita da Anti, wadda ta nemi izini a wajen aiki don ta raka ta ko da za a juye mata magana zuwa Turanci. Mahaifiyata ta kwance zanen da hannunta, ta rungumi yaron, har ta share masa hanci da bakin mayafinta. Ta shiga ajin da sallama, ta miƙa wa Malama shi a gaban yara.

Ta ce, "Ga ɗanki, Malama. Ni kuma ki ba ni karatun 'yata."

Magana ta kai ofishin hedimasta. Ina tsaye a bakin ƙofa, komai a kunnena. Malama ba ta musa ba, ba ta kuma ba da haƙuri ba. Cewa ta yi ai taimakona take yi, tana koya min abin da zai amfane ni gaba. Ta dubi mahaifiyata daga sama har ƙasa ta ce, "To ke da kike ta wannan hayaniya, ko an ba ki littafin za ki gane ta iya ko ba ta iya ba?"

Ban taɓa ganin fuskar mahaifiyata kamar ta ranar ba. Ta ce, "Ba zan gane ba. Shi ya sa nake zuwa ina tambayar ki."

Hedimasta ya fara lallashi. "Hajiya, a yi haƙuri. A bar maganar a ɗakin nan, ai an zama ɗaya."

Ta ce, "Ni ban je Makka ba tukuna, Malam. Haƙuri kuma zan yi, amma ka fara gwada min ita yanzu a gabana."

Ya ɗauko littafin aji huɗu, na kasa. Ya ɗauko na aji uku, na yi ta dambe da shi, abin da na sani a bara ma ya gudu. Ya rubuta lissafin rabawa a takarda, na tsaya ina lasar fensir. Da ya ga ba mafita sai ya juya laifin, wai matsalar iyaye ce, ba sa bibiyar 'ya'yansu, ba sa zuwa taron iyaye da malamai.

Wannan maganar ce ta sa mahaifina ya rufe shago washegari ya nufi makarantar, ga ɗinkin mutane jibge. Mutum ne marar hayaniya, amma ranar har ajin da ke maƙwabtaka da ofis an ji shi. Ya ce babu taron da aka kira bai zo ba. Ya ce, "Duk zuwan da na yi, maganar rufin kwano da benci kuke mana. Ko sau ɗaya an taɓa cewa ga abin da ɗan wane ya iya, ga abin da bai iya ba? Kai da kake zagaya makarantar nan kullum da bulala a hannu, ba ka taɓa ganin yarinya da goyo a gindin bishiya ba?"

Hedimasta kuwa ya sha gani na. Akwai ranar da har wasa ya yi wa yaron a bayana.

Kun san hukuncin da aka yi wa Malama? An canja mata aji. Shi ke nan. Ni kuwa aka ce sai na maimaita aji huɗu. Ƙawata ta wuce aji biyar, ni na zauna da waɗanda a da nake aika su sayo min gyaɗa. Yara suka sa min suna Mai Raino, idan na wuce sai su riƙa kukan jariri. Na yi kuka har na gode wa Allah, kuma don wauta mahaifiyata na ɗora wa laifin. Na ce mata da ta bar ni da yanzu ina aji biyar. Ta ce, "Da kina aji biyar, kanki yana aji biyu. Tashi ki wanke fuskarki."

Sabon malaminmu dattijo ne mai ɗan ɗingishi, ba ya yawan dariya. Shi ya aika a kira mahaifiyata tun makon farko. Ta fara tambayar da ta saba, ko ina da hankali a aji, sai ya katse ta.

Ya ce, "Hankali ku kuka ba ta a gida, ba aikina ba ne. Ki riƙa tambaya ta me ta iya yau wanda ba ta iya ba makon jiya. Idan na kasa nuna miki, ki kai ƙarata."

Suka yi shiri, duk Juma'a kafin a tashi za ta zo. In tsaya a baranda in karanta shafi da ƙarfi, ita tana saurare. Ba ta jin Turanci, amma tana jin inda na yi gargada da inda na wuce sumul. Shi kuma ya yi mata bayani da Hausa: nan ta gyara, nan da saura, a gida a sa ta ta maimaita kaza. Anti ta karɓi karatun yamma. Mahaifina kuma idan na kai masa abinci kasuwa ran Asabar sai ya miƙo min tef ɗin awo, ya ce in raba masa yadi gida huɗu, in gaya masa inci nawa kowane ya samu. A kan atamfar mutane na koyi rabi da kwata. Kafin shekara ta ƙare wasu iyaye mata sun fara biyo mahaifiyata ran Juma'a, barandar ta riƙa cika, hedimasta yana wucewa yana ɗaure fuska.

Na ci jarrabawar shiga sakandare, na yi gaba har na gama makarantar koyon jinya. Amma shekarar nan ba ta dawo ba. Har na gama karatu ni ce babba a kowane aji na shiga.

Bayan na fara aiki, muka je wani biki a Malali ni da mahaifiyata, sai ga Malama a cikin taron mata. Ta tsufa, amma muryar tana nan. Ta gane ni, ta riƙo hannuna tana nuna ni ga ƙawayenta: "Kun ga wannan ma'aikaciyar asibitin? Ɗalibata ce. Ni na koyar da ita."

Ni da nake ta tanadin maganganu shekara da shekaru, sai na tsinci kaina a durƙushe ina cewa, "Ina wuni, Malama." Mahaifiyata ce ta gyara mayafi, ta ce cikin sanyin murya, "A'a, Malama. Raino ta yi miki. Ya yaron, ya girma?"

Ta ja hannuna muka je muka zauna.

Mutane suna ce min abin ya wuce, in manta, ai na zama abin da na zama. Na yafe rainon, yaron ba shi da laifi, kuma na san mace mai jego da aiki tana cikin wahala. Da ta zo gidanmu ta nemi taimako, na san mahaifiyata da kanta za ta riƙe mata shi. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne mace ta tako da ƙafarta, ta miƙa miki amanar abin da ita ba za ta iya dubawa ba, ki kalli idonta ki yi mata murmushi, kin san ba za ta gane ba.

Yanzu nawa 'ya'yan suna makaranta, kuma na san malamansu suna ce min mai naci. Idan malami ya fara yabon ɗana da ladabi, ina godiya, in bari ya gama. Sannan in jawo kujera in zauna, in ce a kira min shi ya zo da littafinsa.