Giyar Yaya

Yayana ya sayi motar tsere ja, sabuwa fil, gajera kamar za ta lashi ƙasa. Ba a jima ba giyarta ta fara taurin kai. Gaba kamar iska, amma ribas ko an roƙe ta ba ta shiga. A kasuwar Kurfi ni na riƙa tura ta baya, masu awaki suna yi mini sannu.

Kowane bakanike a Dutsin-Ma ya so ya buɗe ta. Yaya ya hana, domin da an kwance ƙusa ɗaya garanti ya mutu. Kamfanin da suka sayar masa da ita kuwa suka ce shi ne bai iya tuƙi ba. Shi kuma bai fasa kiransu kullum ba.

Wata yamma yana tsakar gida yana ihu a waya: "Giyarku ta hana ni sakat!"

Kakarmu, wadda ba ta san giya ba sai ta kwalba, ta saki salati. Ta dube ni. "Kai, giya yake sha?"

Na ce, "Hajiya, su suka sayar masa, kuma sun ƙi karɓar abarsu."

Ta fizge wayar. "Ku zo ku kwashe giyarku! Nan gidan malamai ne. In kun ƙi, da ƙafata zan zo ofishinku, ni da matan unguwa!"

Mutumin kamfanin ya so ya yi bayani, ba ta bar shi ya numfasa ba. Cikin makon suka ɗauki motar, suka sa sabuwar giya. Har yau Hajiya tana cewa ita ta shiryar da Yaya.