Ajiyar Wayoyi Uku

A gidanmu na gado ba a nuna wa ɗan fari so a fili. Ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki ma sai uwa ta kau da kai, wata ta zo ta ɗauke shi. Haka na ga uwata ta yi wa yayarmu, haka ni ma na yi wa tawa 'yar farin, kuma ban taɓa jin na yi laifi ba. Abin da ban lura da shi ba shi ne, a can gida uwa na kau da kai ne saboda ga kaka ga gwaggo ga inna, kowa na rige-rigen ɗaukar yaro. Mu kuwa a Doha, a hawa na huɗu na wani bene a unguwar Al Mirqab, daga ni sai babanta sai ƙannenta biyu maza. Shi baban nata, da ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, tun ranar da muka sauka a ƙasar ya ajiye wannan kunya a filin jirgi. Ni ce na riƙe tawa.

Da ta kai ajin ƙarshe na sakandare, sai ta nemi wata jami'a a Amurka, irin wadda ake cewa masu nema sun fi a ƙirga, waɗanda ake ɗauka kuwa ba su taka kara sun karya ba. Akwai wani tsari da suke da shi na neman gurbi da wuri: yaro ya zaɓi jami'a guda, ya aika takardunsa tun kafin sauran jama'a, su kuma su ba shi amsa a tsakiyar Disamba. Amsar iri uku ce. Ko an ɗauke ka, ko an ƙi ka, ko a ce ka dakata sai an haɗa ka da 'yan zagaye na biyu. Ita da ƙawayenta biyu, Basudaniya doguwa mai surutun tsiya da Ba'indiya 'yar shiru-shiru mai tabarau, duk wannan jami'ar suka nema.

Ban taɓa ganin jira mai ban dariya irin nasu ba. Kullum bayan makaranta suna falona, sun baje littattafan da ba wanda ke karantawa, suna shan shayin karak, mai madara da kayan ƙamshi, suna duba waya. Basudaniyar ta yi mafarkin an ɗauke ta amma an ce sai ta zo da raƙumi. Ba'indiyar ta daina yanke farce, wai sai sakamako ya fito. Tawa kuwa ta koma sallar walha, wadda a da ko ta asuba sai na buga ƙofa sau uku. Na ce a raina, ashe jami'a ta fi ni iya wa'azi. Hatta direban da ke kai su makaranta, wani dattijo Bakatsine, in ya sauke su sai ya leƙo ta taga ya ce, "Hajiya, har yanzu Turawan ba su yi magana ba?" In ce masa, "Malam, ni ina na sani?"

Iyayen ƙawayen nata kuwa abin nasu ya wuce misali. Uwar Ba'indiyar ta haddace rubutun da 'yarta ta aika wa jami'ar, tana iya karanto maka shi a tsaye a cikin lifta. Uwar Basudaniyar kan kira ni a waya ta yi ta kuka, ta ce ba ta barci, ni yaya nake yi? Sai in ce Allah ya zaɓa musu mafi alheri. Ba ta san ni ma azumin Litinin da Alhamis nake ta yi ba, in yara sun tambaya in ce ramuwa ce. Ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ana saura kwana kaɗan, jami'ar ta sanar cewa za ta saki amsa da yammacin Alhamis ɗinsu, wanda a wurinmu ya faɗo kafin asubahin Juma'a. Ina kicin ina yanka albasa na ji suna shawara a falo. Sun yanke cewa ba wadda za ta buɗe ita kaɗai cikin duhu. Za su kwana wuri ɗaya, su ba wani babba ajiyar wayoyinsu, sai gari ya waye sun karya kumallo su buɗe tare. Matsalar ita ce wa za a ba. Basudaniyar ta ce uwarta za ta tashe su da kuka tun tsakar dare. Ba'indiyar ta ce tata ta san lambar sirrin wayarta, kafin su farka ta buɗe ta sanar wa dangi.

Sai na ji muryar tawa, tana dariya. "Khalas, shi ke nan, a ba Ummata. Ita ba ruwanta. Ko tambaya ba za ta yi ba, ban ma jin ta san sunan jami'ar."

Suka kwashe da dariya. Ni kuwa wuƙar ta tsaya a hannuna. Ba da ƙeta ta faɗa ba, shi ya sa ya fi yi mini ciwo. Da farko haushi ne ya taso mini: ji 'yar banzar yarinya, ni da na san sunan jami'ar, da sunan garin, har da irin sanyin da ake yi a can. Da haushin ya kwanta sai tsoro ya maye gurbinsa. Yarinyar nan a Doha ta girma, ba ta ga yadda ake yi a gida ba, ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce mata kau da kan uwa ba ƙiyayya ba ce. In aka ɗauke ta, za ta haye teku da wannan zaton a ranta. Na ci gaba da yanka albasa, wadda ta rufa mini asiri a ranar.

Na kai ƙara wurin babanta. Ya ce, "To ki gaya mata mana." Na ce in gaya mata me, da wane bakin? Ya yi murmushin nan nasa mai ƙular da ni ya ce shi dai ba ya shiga tsakanin uwa da 'ya.

Ranar Alhamis bayan isha'i suka zo da kayan barcinsu, suka jera a gabana kamar masu biyan tara, kowacce ta miƙo waya. Na ɗauko babbar kular abinci, wadda nake zuba waina in muna da baƙi, na saka wayoyin ciki na rufe, na kai ɗakina na ɗora a kan kwaba. Basudaniyar, wadda ke kirana Khala, wato inna da Larabci, ta ce, "Khala, ko mun zo muna roƙo kada ki ba mu." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ban taɓa jin roƙon yaro ya dame ni ba.

Da na idar da sallar asuba, kular ta fara gurnani. Dangi ne daga Sudan da Indiya suke ta kira. Na zauna a kan darduma ina kallonta, na san amsar tana ciki, an riga an rubuta, addu'ata ta yanzu ba ta da abin da za ta canja sai dai ta ba ni ƙarfin ɗauka. Duk da haka na yi. Sannan na tashi na shiga kicin, na markaɗa waken da na jiƙa na surfa tun jiya, na dama kunun gyaɗa, na ɗora mai a wuta. Sanyin Disamba na shigowa ta taga, titi shiru kamar kowace safiyar Juma'a.

Suka fito idanu a kumbure, ashe ba wadda ta runtsa. Na ce ba mai ganin waya sai ta cinye ƙosai biyar. Basudaniyar ta tura nata biyu-biyu tana cewa yalla yalla, wato maza-maza, Ba'indiyar tana gutsura kamar mai cin magani. Tawa ta ce, "Umma, don Allah." Na ce, "Ke, kunun ma sai kin shanye." Babanta na tsaye a bakin ƙofa da jallabiya, ya kasa zama, ƙannenta sun leƙo ta bayansa.

Na kawo kular na ajiye a tsakiyar tabarma na buɗe. Suka ƙirga ɗaya, biyu, uku da Turanci.

Basudaniyar ce ta fara ihun murna, ta yi tsalle har ta zubar da kunu. Tawa kuwa sai ta toshe baki da hannu, ta juya wayar ta nuna wa babanta, shi kuma ya fara kabbara yana ta maimaitawa. An ɗauke ta. Wani irin daɗi ya taso mini tun daga tafin ƙafa, irin wanda ban ji ba tun ranar da aka miƙo mini ita a zane. Na ga ta ɗago ido tana nemana.

A daidai lokacin na hango Ba'indiyar. Ta cire tabarau tana gogewa da gefen riga, tana murmushin dole. An ce ta dakata. Kowa na murna, ba wanda ya ganta. To a nan tarbiyyar gida ta yi mini rana, don ƙafata da kanta ta kai ni wurin 'yar mutane. Na zauna na jawo ta jikina, ta fashe da kuka a kafaɗata. Na ce mata dakata ba ƙi ba ne, kuma rabon mutum ba ya wuce shi. Sauran biyun suka farga, suka zo suka rufu a kanta, aka yi ta kuka da dariya a haɗe, har ta ce ita yanzu yunwa take ji, a ƙaro ƙosai. Ta ci fiye da kowa.

Kafin azahar iyayensu suka zo suka kwashe su, maza suka tafi masallaci, gidan ya rage daga ni sai ita. Ina wanke kasko ta shigo ta tsaya a bayana, ta ɗauki tsumma tana goge kofin da ya riga ya bushe.

"Umma," ta ce, "kin ji dai an ɗauke ni?"

"Na ji."

Ta ajiye kofin za ta fita. Na san in ta fita a haka, shi ke nan, na tabbatar mata da zatonta. Kakarta ba ta nan, gwaggonta ba ta nan, ba wanda zai yi mini wannan aikin.

Na ce, "Dawo."

Na goge hannuna, na jawo kujerar kicin na ce ta zauna. Na faɗi sunan jami'ar, da sunan garin, da fannin da ta nema, na ce mata azumin da ta ga ina yi ba ramuwa ba ce, ba a bina ko ɗaya. Kunya kamar in nutse, amma na ƙarasa. Na ce, "Na ji daɗi. Tun da nake ban taɓa jin daɗi irin na yau ba."

Ta buɗe baki tana kallona, hawaye na zuba, sai kuma ta fashe da dariya. "Umma, ashe kina ji?"

"Ina ji mana. Kurma aka ce miki ni?"

Ta taso za ta rungume ni, na ce ta dakata tukuna, ta koma ta zauna ta ɗago fuska. Shekara goma sha bakwai ina satar kallonta ta gefen ido, ga shi 'yan watanni suka rage ta tafi. Na tsaya a gabanta na kalle ta sosai, goshin babanta, hancin uwata, da ɗan tabon da ke haɓarta wanda ta samu ranar da ta faɗi tana koyon tafiya, na bar wata ta ɗauke ta.

"Umma, kallon ya isa haka," ta ce tana rufe fuska.

Na sauke hannun nata na ce bai isa ba.