Gora Biyu a Aljihuna Ranar Zanga-zanga

Assalamu alaikum. Tun ƙarshen damina ba ku ji ɗuriyata a shafin nan ba. Waɗanda suka yi ta kira suna samun waya a kashe, ku yafe ni. Ba fushi na yi ba, numfashi nake nema.

Duk wanda ya san ni a Shagari ya san ni da abu biyu: noman albasa, da ladanci a masallacin unguwarmu. Liman yakan tsokane ni, wai ranar da aka ɗauke wuta ma ba a kewar lasifika.

Da satar shanu da ɗauke mutane suka ishe mu a hanyoyin gona, manoma da makiyaya muka shirya tattakin lumana zuwa sakatariya. Ba sanda, ba dutse. Ana gobe za a fita, wani saƙon murya ya zaga wayoyinmu: wai kowa ya riƙe kananzir, in an harba barkonon tsohuwa a jiƙa hankici a toshe hanci.

Ban tambayi kowa ba. Na zuba kananzir a tsohuwar gorar roba, na cika wata irinta sak da ruwan sha.

Matata Asabe ta tsaya tana kallona. "Malam, wanga abu bai kwanta min ba. Gora biyu iri guda?"

Na ce ta dama ruwa, ta hagu kananzir. Ni a dole mai wayo. Har na ɗiga kaɗan a hankici na rataya a wuya, warin ya bi ni ko'ina.

Ranar tattakin ba a harba komai ba. Ku riƙe wannan.

Salansar wani babur ce ta buga a bayanmu, mutane suka ruɗe, aka ture ni na faɗi. Gorunan suka zube, na tsince su na mayar aljihu. Da hankali ya kwanta aka yi ta dariya. Rana ta take, maƙogwarona ya bushe don ni ke jan addu'a. Na zaro ta dama na kafa kai.

Kafin harshena ya gane, na haɗiya. Na ƙware, tari ya sarƙe ni.

Yayana Umaru ya ruga ya sayo nono, ya ɗura min, ya sa min yatsa a wuya. "Amaye shi, Sani! Amaye shi duka!" Na yi ta amai a bakin titi, jama'a na yi min sannu. Na koma gida ina ganin magana ta ƙare.

Washegari zazzaɓi ya rufe ni. Ƙirjina kamar an ɗora min buhun albasa. Ko gyatsa na yi, kananzir nake ji.

Duk da haka na lallaɓa na je kiran azahar. Na yi kabbara, na kai shahada, sai iska ta yanke. Na buɗe baki, babu komai. Liman ne ya karɓa ya ƙarasa. A nan tsoro ya shige ni.

Asabe ta ga leɓɓana sun canza launi, ta kira Yaya ya samo mota zuwa Sakkwato. Na tuna mun wuce Bodinga. Daga nan ban san komai ba.

Na farka da robar iska a fuskata, da wani ɗan abu maƙale a yatsana yana ƙara. Hoton ƙirji, ɗibar jini, ƙarin ruwa, allurai safe da yamma. Duk sanda ƙarar nan ta sauya, sai in ga ma'aikaciyar jinya ta taho da sauri, Asabe kuma ta daina jan carbi.

Likita ta tambaya, "Wa ya sa shi amai?"

Sai ta ci gaba da cewa:

"Da an kawo shi kai tsaye, da sauƙi. Aman nan ya ƙara tura kananzir cikin huhunsa."

Yaya Umaru ya fita. Asabe ta ce min a jikin bango ta same shi yana kuka, dattijo da furfurarsa. Shi ya je ya fasa rudu, wato rumbun albasarsa, wadda ya adana yana jiran kasuwa ta tashi, ya sayar a wulaƙance. Iskar da nake shaƙa kyauta tun haihuwa, ranar na san tana da tsada.

Da na iya magana na tambayi likita ko zan sake kiran salla. Ba ta yi min daɗin baki ba. "Malam, mu samu numfashin kwanciya barci tukuna."

Gadon da ke kusa da ni an sauya masa mai shi ina kallo. Ban tambayi inda aka kai na farkon ba.

A hankali aka rage iskar, aka cire. Aka ba ni balan-balan in riƙa hurawa. Ladani guda, ya kasa cika abin wasan yara.

Jama'a, ku fita neman haƙƙinku, amma ku fita da hankali. Kada ku ɗauki kananzir, ba ya maganin komai. Ruwa kaɗai ya isa, da takalmi mai kama ƙafa. Ku tafi da wanda ya san ku, ku bi gefen taro inda za ku iya zamewa. Saƙon murya ba likita ba ne. In wani ya sha kananzir ko fetur, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa nono ko manja. A wuce asibiti ko da yana cewa ya ji sauƙi.

Na gode wa Allah. Na gode wa Asabe, da ma'aikatan da ban ma san sunayensu ba, da ku masu addu'a.

Jiya na tsaya kiran la'asar, karo na farko. A daidai wurin nan na shahada iska ta sake yankewa. Liman ya matso zai karɓa, sai na ga Yaya Umaru ya riƙe masa hannun riga.

"Allah gafarta Malam, a bar shi. Shina iyawa."

Na ja numfashi. Ya zo.