Duwatsun Kawuna

Kawuna haƙar rijiya ce sana'arsa, kuma rabin rijiyoyin ƙauyukanmu na Kurfai hannunsa ne. Bai taɓa shiga lekol, wato makarantar boko, ba. Ni kuwa shekarar da na shiga kolej a Filinge, na dawo hutu kaina cike da karatun duwatsu.

Ina kai masa fura gindin gawo na zazzage masa duk abin da mushe, malaminmu, ya koya mana: ruwa da iska suna cin dutse har ya zama rairayi, rairayin ya taru, na sama ya danne na ƙasa shekaru aru-aru har ya sake daskarewa. Wanda ya nutse can ƙasa kuwa zafi ya gasa shi ya sauya kama, ko ya narke, in ya huce ya zama sabon dutse. Na zaci zai yi mini dariya. Sai ya shanye furarsa, ya ce gobe in biyo shi.

Da safe muka tafi wata rijiya da yake haƙa a hanyar Bonkuku. Ya shiga da igiya, ya riƙa turo mini abubuwa cikin guga, na jera su a ƙasa yadda ya ce: rairayi, jar marmara, laka, sai wani farin dutse mai layi-layi. Da ya fito ya murza farin da yatsa, ya zube gari.

"Kin gani, ɗiyata? Wanga bai ida zama dutse ba. Shina bisa hanya."

Ya ce shekara talatin yana ganin haka, bai san akwai masu rubuta shi a littafi ba. Maganar narkewa ce kawai bai karɓa ba, wai shi dai haƙarsa ba ta kai can ba, kuma ba ya shaidar abin da bai taɓa da hannu ba.

Ya ƙulle mini duwatsun a tsumma in kai wa mushe. Mushe ya jera su a tagar aji, kowanne da 'yar takardarsa. Bayan mako biyu ya hau babur, ya ɗauke ni a baya, har ƙauyenmu neman kawu. Suka wuni a bakin rijiyar, mushe yana tambaya yana rubutawa, kawu kuma sai gyara hula yake yana satar kallona.