Jikata Ba Ta Ɗaga Ido a Aji

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, ranar Talata, mu uku ne a ofishin makarantar ƙananan yara ta unguwarmu: ni, da shugabar makarantar, da malamar ajin jikata, wadda yara ke kira Tanti. Uban yarinyar direba ne, yana kan hanyar Yamai. Uwarta tana aiki a wata masana'anta a Kossodo, tun asuba take fita. Shi ya sa kiran ya faɗo kaina.

Shugabar ta yi bayani da Faransanci, ta maimaita da Mosanci, yaren mutanen garin, don ta tabbata na gane. An gwada yara ɗaya bayan ɗaya, jikata ba ta amsa ko tambaya guda ba. In haka ta ci gaba har ƙarshen shekara, ba za ta wuce babbar lakwal, wato firamare, da sa'o'inta ba.

Na ce, "Madam, yarinyar nan ta san launuka, ta san ƙirga. Jiya ma ta gyara mini."

Tanti ta ce, "Baba, ban ƙaryata ka ba. Amma in na kira ta sai ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta. Me zan rubuta?"

Na nemi izinin tsayawa bakin taga, aka ba ni. Da farko aka yi waƙa, jikata tana ciki har da tafi. Daga nan Tanti ta nuna zane a allo, aji duka ya ɗauka da murya ɗaya, na ga bakin jikata yana tafiya daidai da na kowa. Yaran sun yi wa mutum ɗaya yawa. Tanti tana koyarwa, ga wani yana kuka riƙe da zanenta. Masu tsalle suna ɗaga hannu su take kira, ba ta da lokacin jiran mai shiru. Can ta kira jikata gaba, ta tsaya a kanta ta ce ta dube ta. Yarinya ta durƙusa kaɗan, ta haɗa hannu, ta kafe ido a ƙasa.

Na san wannan tsayuwar. Haka aka tashe mu a tsohuwar unguwarmu Zangouettin kafin a rushe ta, haka muka tashi 'ya'yanmu: babba na magana, yaro ba ya kallon idonsa, ba ya mayar masa. Ni kaɗai jikata take yi wa baki a gida, don ni kakanta ne, akwai wasa tsakaninmu. Shi ya sa ban taɓa lura ba.

Da yamma na zaunar da ita a tabarma. Na ɗaga murfin buta na tambayi launinsa. Ta faɗa da Faransanci, ta ƙara da cewa, "Tsoho, kai ma ai ba ka sani ba, shi ya sa kake tambaya."

Na ce, "Amarya, bakin nan ina kike ajiye shi in kin je lakwal?"

Ta yi dariya kawai. Sai na kira maƙwabciyarmu mai sayar da atamfa, na ce ta yi mata tambayar. Yarinya ta sunkuya, shiru. Maƙwabciya ta ce, "Alhaji, me kake nema kuma? Ai tarbiyya ke nan. Nawa da ke kallona tsakar ido, zo ka ɗauke su kyauta."

Bayan ta fita na ce wa jikata, daga gobe in Tanti ta yi magana ta dube ta, ta amsa da ƙarfi. Ta ce, "Ita ma kakata ce?" Na ce a'a, amma lakwal daban take. Ta ce to.

A makon nan wan babanta ya zo gaisuwa. Ya tambaye ta karatu, ta dube shi ido cikin ido ta ba shi amsa. Uwarta ta daka mata tsawa daga bakin murhu, ta ce rashin kunyar da ake koyowa a lakwal ke nan. Na yi wa surukata bayani, ta ce, "To, Baba," amma yarinya ta riga ta ji tsawar. Tun ranar, ko ni sai na lallaɓa kafin ta amsa.

Na koma wurin Tanti na roƙe ta ta riƙa zama gefen yarinyar in za ta tambaye ta, kada ta tsaya a kanta. Ta ce za ta gwada in ta sami sarari. Ban ga inda sararin zai fito a ajin nan ba. Za a sake gwajin bayan hutu. Yanzu ana cikin hutun, kuma ya kusa ƙarewa.

Ba na son in kwance ladabin da aka ɗora ta a kai, ba na kuma son sa'o'inta su wuce su bar ta. Kai mai karatu, in ka taɓa samun yaro irin wannan a gidanka har ya buɗe baki a aji, ka zo unguwarmu Zongo ka tambayi gidan tsohon da ke tsayawa bakin tagar makarantar yara, ka gaya mini abin da ka fara yi, da abin da ya biyo baya, kafin a koma lakwal.